Yadda za ka buga Mystery House, wasan kisan kai na 1980, a kwamfutarka ko wayarka

Mystery House shi ne wasan da aka fi ambata a matsayin na farko da ya haɗa zane da rubutu cikin wasannin labari na kwamfuta. Kafin shi, irin waɗannan wasanni rubutu ne zalla: kwamfuta ta gaya maka kana cikin kogo, kai kuma ka rubuta mata abin da za ka yi. Roberta Williams, matar aure a garin Simi Valley na jihar Kalifoniya, ta kamu da son irin wannan wasa bayan ta buga Colossal Cave Adventure a na'urar da mijinta Ken ya kawo gida daga wurin aiki. Sai ta zauna a teburin kicin ta tsara nata, ta ɗauko salon labarin daga littafin Agatha Christie mai suna And Then There Were None da kuma wasan allo na Clue, ta dage sai an sa hotuna. Ken ya rubuta manhajar. A watan Mayun 1980 suka fara sayar da shi a kan dala 24.95, faifai ɗaya cikin leda da 'yar takardar bayani, da lambar wayar gidansu ga duk wanda ya maƙale. Kamfanin da suka fitar da shi da sunansa, On-Line Systems, shi ne ya zama Sierra On-Line daga baya.

Duk wanda yake son wasannin bincike ya kamata ya buga shi ko sau ɗaya ne, kuma abin farin ciki ba sai ka kashe ko kwabo ba, domin a 1987 Sierra ta sake shi kyauta ga kowa. Amma wasan yana da halinsa. Wanda ya shige shi da garaje, kamar yadda ake shiga wasannin waya na yanzu, zai fita da haushi cikin ɗan lokaci. Yana son takarda da fensir da haƙuri, kuma yana son ka kalli hoto kamar yadda kake karanta wasiƙa, layi bayan layi.

Inda za ka samo shi

An yi wasan ne don kwamfutar Apple II, wadda aka daina ƙerawa tun da daɗewa, saboda haka kana buƙatar manhajar da za ta kwaikwayi wannan tsohuwar na'ura.

Hanya mafi sauƙi ita ce shafin Internet Archive. Ka nemi sunan wasan tare da Apple II, ka buɗe, ka danna maɓallin kunnawa da ke tsakiyar hoton, ya tashi cikin burauzarka. Ba ka saukar da komai ba, ba ka girka komai ba. Matsalarta ita ce adana inda ka tsaya ba shi da tabbas, kuma a waya madannan ba sa ba da haɗin kai.

Wadda na fi ba da shawara ita ce ScummVM. Manhaja ce ta kyauta da ke tafiyar da tsofaffin wasannin labari, tana aiki a Windows da Mac da Linux da Android, kuma a shafinta akwai sashen wasannin kyauta inda Mystery House yake. Ka saukar da manhajar, ka saukar da wasan, ka warware fayil ɗin cikin wata jaka ta musamman. Sai ka buɗe ScummVM, ka danna Add Game, ka nuna mata jakar, ita za ta gane shi da kanta. Daga nan Start kawai. Amfaninta babba shi ne kana iya adana wasa a gurabe da yawa, kuma bayan saukarwa ba ka buƙatar intanet ko kaɗan. Wasan da kansa bai kai kilobayit 150 ba, wato ko hoto guda da ka ɗauka da waya ya fi shi nauyi.

Mai son ganin abin yadda mutanen 1980 suka gan shi, ya nemi AppleWin a Windows, ya sa fayil ɗin faifan mai ƙarewa da .dsk a mazubi na ɗaya, ya danna alamar tuffa ya tayar. A nan ka tabbata kana rubutu da manyan baƙaƙe, domin tsohuwar Apple II ba ta san ƙanana ba.

In da hali ka yi amfani da kwamfuta mai madannai na gaske. Duk umarnin wasan rubuta su ake yi, kuma madannan waya suna rufe rabin allo, su ɓoye maka abin da ya kamata ka gani.

Yadda ake magana da wasan

Da ya tashi zai tambaye ka ko kana son bayani ko wasa. Ka danna I ka karanta bayanin, kada ka tsallake shi, domin a nan ne kaɗai ake gabatar maka da mutanen gidan, har da launin gashin kowa. Ka kwafe su a takarda. Tom mai gyaran famfo ne, Sam makanike, Sally maɗinkiya, Dr. Green likitan tiyata, Joe mai haƙa kabari, Bill mahauci, Daisy kuma mai dafa abinci. Tom da Bill da Daisy gashinsu ruwan zinare ne, na Sally ja, sauran ukun mai duhu. Hotunan wasan farin layi ne a baƙin allo, ba za ka ga launin gashi a cikinsu ba, don haka in ba ka rubuta ba, wata muhimmiyar shaida za ta wuce ka a banza.

Wasan Turanci yake ji, amma Turancin bai taka kara ya karya ba. Kalma biyu yake karɓa a lokaci guda, aiki sannan abu: GET NOTE don ɗaukar takarda, READ NOTE don karanta ta, OPEN DOOR don buɗe ƙofa. Tafiya da baƙi ɗaya ake yin ta: N arewa, S kudu, E gabas, W yamma, U sama, D ƙasa. INVENTORY yana nuna abin da kake riƙe da shi. Wanda ya san kalmomin Turanci kamar hamsin zai iya kai shi ƙarshe.

Akwai abubuwa uku da suke tuntuɓar da sababbin 'yan wasa.

Na farko, buɗe ƙofa daban, shiga daban. Bayan OPEN DOOR sau da yawa sai ka ƙara GO DOOR. Haka ma rami ko ƙofar shinge: GO HOLE, GO GATE. Idan jiha ta ƙi ka, gwada GO da sunan abin da kake gani.

Na biyu, LOOK da sunan abu yana matso maka da hotonsa kusa. LOOK SINK zai nuna maka cikin wurin wanke-wanke, ka ga abin da ba a gani daga nesa. Idan ka gama, LOOK ROOM ne yake mayar da kai ga ɗakin duka.

Na uku shi ne wanda ya fi muhimmanci. Allon yana da hoto a sama, da layi huɗu kacal na rubutu a ƙasa. Idan ka danna Enter ba tare da ka rubuta komai ba, hoton zai kau, ka ga rubutun da ya gabata. Ka sake dannawa hoton ya dawo. Ka riƙa yin haka duk lokacin da wani saƙo ya wuce ka.

Wani lokaci wasan yana raba umarni biyu. Ka ce a yi kaza, ya tambaye ka da me, sai ka amsa da WITH da sunan kayan aikin.

Hoton shi ne shaida

Nan ne Mystery House ya bambanta da abin da ya gabace shi, kuma nan nake so ka fi ba da hankali. A wasannin rubutu zalla, duk abin da ke ɗaki ana lissafa maka shi. A nan ba haka ba ne. Rubutun zai ce kana cikin kicin, ya yi shiru. Kai ne za ka kalli zanen ka gane cewa wannan akwatin mai tsawo firij ne, wancan kabad ne, wancan ɗan layin da ke kan tebur kyandir ne. Sannan sai ka nemo sunan da wasan ya san shi da shi.

Zanen kuwa ba na gwanaye ba ne. Roberta ta yi su da wata na'ura mai suna VersaWriter, allo mai hannu da ake bin layin zane da shi, Ken kuma ya adana su a matsayin umarnin jan layi daga wannan ɗigo zuwa wancan, ba a matsayin cikakken hoto ba. Wannan dabara ce ta sa hotuna kusan 70 suka shiga faifai guda. Shi ya sa za ka ga kowane ɗaki yana zanuwa a gabanka layi-layi. Mutanen ciki kamar zanen yaro ɗan firamare suke, gawa kuma sai ka gan ta kwance da ƙulu a ka. Ni dai ban ɗauki wannan aibi ba. Rashin ƙawar ne yake tilasta maka ka tsaya ka tambayi kanka mene ne wannan, kuma tambayar nan ita ce aikin mai bincike.

Dabarar ita ce: duk ɗakin da ka shiga, ka lissafa abubuwan da ke hoton a takarda, ka yi wa kowanne LOOK, wanda yake da murfi ko ƙofa ka yi masa OPEN sannan ka sake LOOK. Idan wasan ya ce bai san kalmar ba, ka gwada wata mai ma'ana ɗaya. Idan ka yi GET abu ya ɓace daga hoton, to ya shiga hannunka.

Sai ka zana taswira. Kowane ɗaki murabba'i guda, da sunansa, da layi zuwa maƙwabtansa, da baƙin da ka rubuta ka isa can. Kada ka yarda da hoton wajen gane jiha: ƙofar da ke gabanka a zane ba lalle ita ce arewa ba. Abin da ka gwada ya yi aiki, shi za ka rubuta.

Shiga gidan, da neman haske

Za ka fara a farfajiyar wani tsohon gida da aka yasar. U zai hau da kai baranda, sai OPEN DOOR, GO DOOR. Da shigarka ƙofar ta rufe ta kulle. Mutanen bakwai suna tsaye a zaure, akwai takarda a ƙasa da ke cewa an ɓoye duwatsu masu daraja a gidan, wanda ya tsinta nasa ne. Kana fita ɗakin ka dawo, kowa ya watse. Daga nan gawarwaki za ka riƙa tararwa.

Kada ka bi su tukuna. Wasan yana ƙirga umarninka, kuma bayan wasu 'yan motsi zai gaya maka duhu ya fara, sannan allon ya zama ba ka ganin komai. Wanda dare ya riske shi babu kyandir a hannu wasansa ya lalace. Don haka aikin farko haske ne.

Daga zaure ka yi W zuwa kicin. Ka buɗe kabad ka duba, ka ɗauki ashana da GET MATCHES. Ka buɗe firij, OPEN REFRIGERATOR, ka ɗauki butar ruwa da GET PITCHER. Ka duba wurin wanke-wanke ka ɗauki wuƙar shafa bota, GET BUTTERKNIFE. Sai ka kunna famfo, kuma a nan wasan ya juya kalmominsa, WATER ON yake so, sannan GET WATER ya cika butar.

Ka koma zaure ka yi S zuwa ɗakin cin abinci, inda kyandir yake. GET CANDLE, LIGHT MATCH, LIGHT CANDLE. Yanzu ka adana wasanka, domin abin da ke tafe shi ne tarkon da ya fi cin mutane. Da ka yunƙura za ka fita da kyandir a kunne, sai ka yi tuntuɓe da darduma, wuta ta kama. Babu lokacin shawara. POUR WATER nan take, in ba haka ba ka ƙone. Wannan ne dalilin da ya sa aka cika buta tun a kicin, kuma babu abin da ya gargaɗe ka kafin nan, sai dai ka mutu sau ɗaya ka koya, ko wani ya faɗa maka.

Wutar tana barin rami. LOOK HOLE, za ka ga makulli, ka ɗauka. Abin da ya zo a kamar masifa shi ne ya ba ka abin da ba za ka gama wasan ba sai da shi.

Binciken gawarwaki

Yanzu kana da haske, sai ka bi gidan a natse: ɗakin karatu, ɗakunan kwana na sama, banɗaki, farfajiyar gefe. Duk gawar da ka tarar ka yi LOOK BODY, ka rubuta abin da aka ce. An bugi Sam da abu mai nauyi. A jikin rigar Sally akwai silin gashi mai ruwan zinare. An shaƙe Bill da doguwar safar mata. An daɓa wa Dr. Green wuƙa. Tom, wanda za ka samu a can ƙarƙashin gidan, yana riƙe da fure a hannunsa. Ka duba sunan furen yadda wasan ya rubuta shi, ka ɗora shi a kan jerin sunayen da ka kwafa.

Ka soke sunan duk wanda ya mutu, ka haɗa da gashin, ka haɗa da safar. Ba sai na faɗa maka ba. Binciken ba shi da wuya, gaskiya, kuma wasan ba ya tambayarka hujja. Amma akwai daɗi a ce kai da kanka ka kai ga sunan kafin ka yi ido biyu da mai shi.

Akwai wasu takardu a ɗakuna daban-daban. Ɗaya lissafi ce, bakwai a cire shida saura ɗaya, wanda shi ne nufin makashin a taƙaice. Ka karanta kowace ka ajiye ta inda ka same ta, don kada su taru a hannunka su rikita ka. A wani ɗakin kwana za a jefo maka wuƙa daga waje ta kuskure ka. A bayan gidan akwai maƙabarta inda Joe yake tsaye da shebur kusa da kaburbura sababbin haƙa. Kada ka shiga ko ɗaya, zai rufe ka da ƙasa.

Kafin ka bar sama ka ɗauki tawul a banɗaki. Ka hau tsani zuwa ɗakin da ke ƙarƙashin rufi, ka ɗauki babbar guduma, ka nemi akwati mai kulle. Makullin da ka samu a ramin darduma shi ne nasa, kuma bindiga ce a ciki.

Wuraren da ake maƙalewa

In kana son ka gwada ƙwaƙwalwarka, ka tsaya a nan ka koma wasa, ka dawo sai ka gaji. Sai dai in faɗa maka gaskiya: wasu daga cikin matsalolin gaba ba a yi musu adalci ba, kuma neman taimako a kansu ba gazawa ba ne. Masu sayen farko ma waya suke bugawa gidan su Roberta.

A ɗakin nazari, wanda daban yake da ɗakin karatu, akwai hoto a bango wanda ya ƙi ɗaukuwa domin an ɗaure shi. Wuƙar bota ce sukuddirebarka: UNSCREW PICTURE, in ya tambaya ka ce WITH BUTTERKNIFE, sannan GET PICTURE. Akwai maɓalli a bayansa. PRESS BUTTON zai buɗe ɓoyayyiyar hanya cikin bango. A kicin ma, in ka ture kabad da MOVE CABINET, bangon da ke bayansa yana fasuwa da guduma.

A ɗakin ƙarƙashin ƙasa za ka ga gansakuka ta rufe bango. WIPE ALGAE da tawul ɗinka, sai wani bulo mai girgiɗi ya bayyana. Ka cire shi, duwatsun suna bayansa. A nan kuma akwai makulli na biyu, wanda yake buɗe ƙofar gaba. Kada ka tafi ka bar shi.

Sai doguwar bishiya a waje. Ka hau har ƙoli, za ka tarar da madubin hangen nesa. LOOK TELESCOPE zai nuna maka, ta tagar gidan, wata ƙaramar ƙofa a silin ɗakin da ka ɗauko guduma. Ga inda wasan ya fi taurin kai: ko ka san ƙofar tana nan, ba za ta buɗu ba sai ka gan ta ta madubin. Dole ne ka hau bishiyar.

Dajin da ke kewaye da bishiyar shi ne wurin da ya fi cin rai a wasan duka. Hotunansa kusan iri ɗaya ne, kuma in ka yi arewa sannan ka yi kudu ba lalle ka dawo inda ka taso ba. Ka adana kafin ka shiga. Sai ka yi dabarar tsofaffin 'yan wasa: ka yar da abu guda a kowane wuri, tawul a nan, wuƙar bota a can, tunda sun gama aikinsu, ka sa wa wurin sunan abin a taswirarka. Daga kowane wuri ka gwada jihohi huɗu, ka gwada U da D, ka rubuta inda kowanne ya kai ka, kana karanta rubutun ƙasa da kyau domin can ake ambaton hanyar komawa gida. Kyandir da bindiga da makulli da duwatsu kuwa kada su bar hannunka.

Idan ka dawo cikin gidan, ka hau ɗakin ƙarƙashin rufi, ka adana, ka rubuta OPEN TRAPDOOR, sannan GO TRAPDOOR. Makashin yana ciki yana jiranka. Umarni guda kake da shi: KILL da sunan da ka gano, in ya tambaya ka ce WITH GUN. In ka tsaya duba ɗaki, kai za a kashe.

Sauran aikin ka sauko zaure, UNLOCK DOOR, OPEN DOOR, GO DOOR, ka sauka daga baranda da duwatsun a hannunka. Wasan zai taya ka murna ya naɗa ka "guru wizard".

Wanda ya ji daɗinsa ya nemi Wizard and the Princess, wanda ma'auratan suka fitar a cikin shekarar 1980 ɗin, mai hotuna masu launi da faɗin duniya fiye da gida guda. ScummVM tana tafiyar da shi, sai dai shi ba a sake shi kyauta ba. Akwai kuma Mystery House Taken Over na 2005, inda Nick Montfort da Dan Shiovitz da Emily Short suka sake gina wasan da Inform, harshen kwamfuta na rubuta wasannin labari, suka buɗe shi don kowa ya sauya ɗakuna da rubutu ya fitar da nasa.